Bangonmu Ɗaya Da Baba Masaƙi

Auta na durƙushe a tsakar gida tana wanke kofunan shayi, mijinta kuwa na kwance kan tabarma a bakin ƙofar ɗaki, da jiƙaƙƙen tsumma a kan idanunsa. Jiya ya yini yana walda babu gilashi, yau idanun sun yi jawur kamar an zuba musu yashi.

"Wayyo idona! Auta, zo ki sake jiƙa min, ya ɗumame."

"Ba zan zo ba," ta ce a hankali, ba ta ko ɗago ba. "Ina gilashin da na sa wa igiya don ka riƙa ratayawa a wuya?"

"Au! Yau kuma faɗa za a yi min? Jama'a ku fito ku ji abin mamaki, 'yar shiru ta yi magana!"

Ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya, sannan ta taso ta karɓi tsumman. Kowa a unguwar Mai Walda yake kiransa, ita kuwa ko wannan ba ta iya faɗa, sai dai ta ce "shi". Ta matse tsumman ta shimfiɗa masa, ya kama yatsunta ya riƙe.

"Kin gaisa da Baba kuwa? Ni yau ciwo ya mantar da ni."

"Tun da asuba. Ya amsa."

Gaisuwar da suke nufi ba ta baki ba ce. Gidajen layin nan kamfanin saƙa ne ya gina wa ma'aikatansa tun zamanin iyayensu, a jere, bangon wannan shi ne bangon wancan, katakon rufi ɗaya ya ratsa su. Ƙarar injinan saƙa ta kashe wa yawancin ma'aikatan kunne, don haka idan lokacin fita aiki ya yi ba a kiran suna, bango ake bugawa, ƙwan-ƙwan, na can ya ji a bayansa ya rama. Kamfanin ya rufe tuntuni, amma bugun bango bai mutu ba. Ya zama kamar a ce, "Kana da rai?" a amsa, "Ina nan." Baba Masaƙi, tsohon da ke manne da su, abokin aikin mahaifin Mai Walda ne. Ba ya jin komai yanzu, ba ɗa ba jika, gadonsa a jingine da bangon ɗakinsu don bugun ya same shi.

Sai dai layin ya ƙare. An saye gidajen ɗaya bayan ɗaya an baje, dogayen gidaje masu katanga da get suna tasowa ta ko'ina, ana ce musu estet. Gida biyu kawai suka rage a tsaye, nasu da na Baba.

Ƙarar hon ta katse su. Kafin Auta ta gyara ɗaurinta, yayarta ta turo ƙofa, tana ɗaga takalmi mai tsini kamar za ta taka ƙaya, mahaifiyarsu Umma na biye da ita.

"Kai! Wannan ƙaurin ƙarfe!" in ji Yaya, ta toshe hanci. "Auta, siriyos, a nan za ki ƙare rayuwarki? Dubi hannunki don Allah!"

Mai Walda ya yi sauri ya tashi ya durƙusa. "Umma, barka da zuwa. Yaya, sannu da hanya."

Umma ba ta zauna kan tabarmar da Auta ta shimfiɗa ba. Ita ma a layin nan ta yi aurenta ta haifi 'ya'yanta, amma ita ce ta fara sayar da nata gidan, ta koma wurin babbar 'yarta a estet. Mijin Yaya, Ɗan Kwangila, shi ne mai sayen layin.

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai ɗan nan, me ɗan'uwanka ya yi maka da ka tsaya masa a maƙogwaro? Kowa ya sayar ya huta, kai kaɗai ka kafe. An yi maka tayin sabon gida, an yi maka tayin shago, me kake so kuma?"

"Umma, ke kin fi ni sanin ginin nan," ya ce kansa a ƙasa. "Bangon ɗakinmu shi ne bangon ɗakin Baba. Ranar da aka ɗaga kwanon gidan nan, a fili zai kwana."

"Sai ya sayar shi ma!"

"Ya ce ba ya sayarwa. Ina zai je? Wa ya sani a wani wuri? Kuma Yaya ta sani, ba gidana ake so ba kawai. So ake a rushe nawa, nasa ya bi shi dole."

Yaya ta tafa hannu. "Ji min mutum! Kai ka haife shi? Wani tsoho kurma ne zai hana unguwa ci gaba? Filis, ka yi tunani da kanka mana!"

"Na yi, Yaya. Ba zan iya ba."

Umma ta juya ga Auta. "To shi kenan. Tunda ya zaɓi tsoho, ya zauna da tsoho. Ke, shiga ki haɗa kayanki. Ranar da ya dawo hayyacinsa ya zo ya ɗauke ki."

"Umma—"

"Ni ce na haife ki ko shi?"

Auta ta shiga ɗaki. Tana cusa kaya a jaka hawaye na ɗiga a kansu, sai ga shi ya shigo yana lalubar bango.

"In ka ce kada in je, ba zan je ba," ta ce.

"Ba zan ce ba. Uwa ce, ba zan sa ki taka ta a gaban mutane ba." Ya zauna a bakin gado. "Amma Auta, kada in ɓoye miki, ba zan sayar ba."

"Ko ban dawo ba?"

Ruwa ya gangaro masa a kumatu, ya yi saurin sharewa. "Idon ne fa. Waldar jiya ce."

Ta ɗauki jakarta, ta tsaya daidai kafaɗarsa, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Kada ka sayar."

Get ɗin gidan Yaya baƙi ne mai zanen ganye, dogo har ba a hango komai ta samansa. Auta ta gane shi tun daga nesa, a ƙofar gidansu mijinta ya ƙera shi, ita ta riƙa kai masa ruwa lokacin. Da za su shiga ta ɗan shafa wurin da aka haɗa ƙarfen, mai gadi ya bi ta da kallo.

Gidan kam ya haɗu. Tayil har bango, fitilu kamar za su zubo, kujeru masu laushi da mutum ke nutsewa a ciki. Amma shiru! Ba kukan yaro daga maƙwabta, ba mai leƙowa ya ce a ara masa tsintsiya, ba mai sallama. Ta tambayi Yaya su wa ke gidan kusa, Yaya ta ɗaga kafaɗa.

"Oho musu. Nan ba layinku ba ne da kowa ke cikin tukunyar kowa. Nan kowa lebul ɗinsa yake, kowa da matsayinsa."

Aka ba ta ɗaki a sama, jikin na Umma. Yaya ta jibge mata sababbin kaya a kan gado, Auta ta ninke su ta ajiye a gefe, ta ci gaba da sa nata. Aka ce ta huta akwai masu aiki, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida. Ba ta yi wa kowa musu ba, ba ta kuma yi abin da aka ce ba. Wata rana Yaya ta shigo da murmushi ta ce wani abokin mijinta ya zo, yana falo, mutum ne mai kirki, matarsa ta rasu, ta sauko su gaisa kawai.

"Ni matar aure ce, Yaya."

"Gaisuwa ce fa! Ke wai me ya ba ki ne? Baƙin hayaƙi?"

Auta ta tashi ta sa wa ƙofa sakata.

Abin da ya fi damunta ba wannan ba ne. A safiyar farko, bayan ta idar da sallar asuba, ta ji wani ɗan sauti a bango, ƙwan-ƙwan, can ƙasa-ƙasa. Ta zaci bututun ruwa ne. Washegari ta sake ji, daidai lokacin, daga ɗakin Umma. Sai a yi bugun, a yi shiru kamar ana jira, sannan ta ji gado ya yi ƙara, an koma an kwanta. Shekara da shekaru a layinsu Umma na gaisawa da maƙwabciyarta ta haka, matar wani mai rini a kamfani, wadda yanzu ba wanda ya san inda ta koma. Hannun bai manta ba. Auta ta ɗaga nata hannun za ta rama, sai kunya ta riƙe ta. In ta amsa, Umma za ta san an ji ta.

Daga nan ta fara lura. Umma na yini a bakin taga tana kallon katanga. In mai gadi ya zo wucewa sai ta tsare shi da hira har ya rasa yadda zai gudu. Yaya na kan waya, jikoki na makaranta ko gaban talabijin, Ɗan Kwangila ba ya dawowa sai kowa ya watse. Umma ta yi ƙiba, amma dariyarta da ake ji daga farkon layi zuwa ƙarshe, Auta ba ta ji ta ba ko sau ɗaya.

Mai Walda ya zo har sau nawa, mai gadi ya ce an hana. Ta taga take hango shi zaune kan babur cikin rana. Rannan ya ɗaga kai ya gan ta, sai ya ɗago gilashin waldar da ke rataye a wuyansa ya kaɗa mata. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da aka ga makonni na tafiya ba wanda ya rusuna, Ɗan Kwangila ya ce a kira Mai Walda a yi ta ta ƙare. Ran nan aka buɗe masa get. Ya shigo falo ya zauna a ƙasa kan tayil, ya rame, rigarsa a wanke amma ba guga. Auta na rakuɓe bayan kujerar Umma.

"Ƙanina," in ji Ɗan Kwangila yana kaɗa makullin mota a yatsa, "ni ba na son dogon turanci. Duniya ta canja. Wancan layin tarihi ne. Mutane na son gidaje masu kyau, ni ina gina musu, laifi ne? Ka dubi matarka, ba ta cancanci irin wannan ba?"

"Ta cancanci fiye da haka, Yaya. Ka gina, Allah ya sa albarka. Ka bar mana bangon nan kawai."

"Kin ji ko, Umma? Kai kamar dutse!"

Umma ta gyara zama. "To saurara. Magana biyu ce. Ko ka sayar ka ɗauki matarka yau, ko ka sawwaƙe mata. Ba zan bar 'yata ta tsufa cikin kufai ba."

Mai Walda ya ɗago ya dubi matarsa. Auta ta gane in aka ƙara matsa shi kaɗan, saboda ita zai karye. Sai ta ji ƙafafunta sun ɗauke ta. Ta zagayo gaban Umma ta durƙusa.

"Umma, ki gafarce ni, zan yi magana."

"Iye! Yau kuma?" in ji Yaya.

"Kin ce in zo, na zo. Ban yi miki musu ba. Amma ba za a mai da ni gudumar da za a rushe ɗakin tsoho da ita ba. Shi bai ce zai sake ni ba, ni ban ce a sake ni ba. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, bai taɓa ɗaga min murya ba. In ya sayar saboda ni, wallahi ba zan ƙara iya kallon fuskarsa ba, shi ma ba zai iya kallon tawa ba. To wane aure aka gyara?"

"Rufe min baki!"

"Zan rufe, Umma, saura ɗaya." Ta ɗago ta dubi Umma. "Kullum da asuba kina buga bango. Ina ji. Kina bugawa ki jira, ba mai amsa miki. Ke da kike da 'ya'ya da jikoki a gida ɗaya kenan. Shi Baba in an raba shi da bangon nan, wa zai san ya kwana ko bai kwana ba?"

Tas! Marin ya sauka kafin kowa ya motsa. Umma ta miƙe tsaye tana haki, idanunta sun kaɗa.

"Ni za ki tona wa asiri a gaban surukai? Tashi ki bi shi! Tafi! Amma in kin fita get ɗin nan, kada ki ƙara tako min!"

Auta ta dafa kuncinta. Ta ce, "Zan riƙa zuwa gaishe ki, Umma, ko a bakin get za a tsayar da ni." Ta hau sama ta ɗauko jakarta, ta bar sababbin kayan a ninke yadda suke. A kan babur, da suka kusa gida, mijinta ya ce, "Ashe haka kike da baki? Ni na shiga uku!" Ta ɗan doke shi a baya tana share hawaye.

Kwanakin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Aka toshe hanyar da mota ke shigowa, masu kawo aiki suka ragu. Famfon layi ya ƙafe, sai Auta ta yi tafiya mai nisa da bokiti, ta ɗebo nasu ta ɗebo na Baba. Manyan motoci na zubar da yashi da bulo har bakin ƙofarsu, in ta yi shanya sai ta sake wanki. Leburori suka sa wa gidajen biyu suna "haƙoran tsohuwa". Ranakun da ta je gaida Umma, mai gadi ya ce ba ta nan, alhali tana hango labulen sama na motsi. Takan tsaya ta gaida tagar, ta juyo. A cikin haka ta gane tana da ciki. Mai Walda ya yi ta tsalle a tsakar gida kamar yaro, ita kuwa ta yi murna ta yi kuka, don wadda ta fi so ta fara faɗa wa ba ta son ganinta.

Wata safiya Mai Walda ya tafi kafa ƙofa a wani gini mai nisa. Bai daɗe da fita ba Auta ta zagaya bayan gida zubar da ruwa, sai ta ga an kafa turaku an ja igiya. Ta saba ganin irinsu, inda igiya ta bi nan ake haƙa ramin harsashi. Amma wannan igiyar a jikin bangonsu take, ko tafin hannu ba zai shiga tsakani ba, ta bi ta bayan ɗakinsu ta wuce ta bayan na Baba. Tsohon gini ne, tushensa ba zurfi. In aka haƙa rami a nan ba sai an rushe shi ba, da kansa zai zauna. Ga katafila can tana tahowa tana huci. Baba kuwa na ciki yana barcin hantsi, ko sama za ta faɗo ba zai ji ba.

Ta kira wayar mijinta, tana ta ƙara ba a ɗauka ba, ta san yana cikin ƙarar inji. Ba ta tsaya tunani ba. Ta shiga ta sa hijabi, ta ɗauko 'yar kujerar tsugunno, ta ajiye a kan igiyar, ta zauna ta jingina da bango.

Direban katafila ya leƙo. "Hajiya, matsa mana, aiki za mu yi!"

Ta gyara zamanta, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ko ita ma kurmar ce?" wani lebura ya ce, sauran suka kwashe da dariya.

"Ina ji sarai," ta ce. "Ba zan tashi ba ne."

Direban ya matso da bakin ƙarfen har ƙasa na rawa a ƙarƙashinta, yana zaton za ta zabura. Ta dafa mararta da hannu ɗaya, ta runtse ido. Ba ta motsa ba. Ya kashe injin ya ce shi ba zai ɗauki alhakin rai ba, a kira mai aiki.

Ɗan Kwangila ya iso da Yaya a mota, ransa a ɓace.

"Auta! Kin haukace ne?" Yaya ta yi kanta. "Tashi, kina ba mu kunya a gaban leburori!"

"Filina ne nake haƙawa," in ji Ɗan Kwangila. "Ban taɓa gidanku ba. Ina ruwanki?"

"Filinka ne, Yaya. Ka matsa da igiyar yadda bango zai tsaya, yanzu in tashi in kawo maka ruwa."

"In na ƙi fa?"

"To ka fara da ni."

Mutane sun fara taruwa, har masu sababbin gidaje na leƙe ta saman bene. Ana cikin haka wata tasi ta tsaya a bakin tarin yashi, Umma ta fito, mayafinta a karkace, silifas ɗinta ma ba iri ɗaya ba. Yaya ta sauke ajiyar zuciya.

"Yawwa Umma, gara da kika zo! Zo ki ja 'yarki, ta ƙi jin kowa."

Umma ta taho kai tsaye, ba ta kalli kowa ba. Ta tsaya a kan Auta. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran mari na biyu, amma ta riƙe kujerar gam. Umma ta dube ta tun daga fuska har inda hannunta ke dafe, ta daɗe tana kallon wurin.

"Matsa min," ta ce.

"Umma?"

"Na ce matsa min! Ke kaɗai za ki cinye inuwar?"

Ta ware mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa kan igiyar, ta zauna daɓas, ta miƙe ƙafafu, ta jingina da bangon.

"Umma, me kenan?" in ji Ɗan Kwangila, muryarsa ta sauka.

"Abin da ka gani. Jiya ina jin ka a waya kana cewa bangon zai faɗi da kansa ba wanda zai ce kai ne. Na kwana ban runtsa ba. Na ce ka sayi gida, ban ce ka binne mutum ba. Tsohon nan da ke ciki, ranar da uban matarka ya faɗi a bakin inji, shi ya goyo shi har gida. Ni na manta, yarinyar nan da na haifa jiya ba ta manta ba. To ga ni. Ka sa a haƙa."

"Haba Umma, a gaban mutane—"

"Ai a gaban mutanen za ka haƙa."

Ya dubi leburorinsa, duk sun sunkuyar da kai. Ya dubi masu leƙe daga bene, mutanen da yake so su sayi sauran gidajensa. Ya dubi surukarsa zaune a ƙasa cikin yashi. Ya cire hula ya share gumi ya mayar.

"Ku cire turakun," ya ce. "Ku ja baya. Ku ƙara ja! A zagaye su da katangar, su zauna da kayansu."

Yaya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ta haɗiye.

Sai a lokacin ƙarar babur ta karyo kwana. Mai Walda ya diro tun bai gama tsayawa ba, ya yar da babur ɗin ya rugo. Da ya ga su biyun zaune jikin bango, sai ya tsaya turus, ya rasa ta wa zai fara.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona?" in ji Umma. "Ba a ba baƙo ruwa a gidanku?" Ya juya da gudu, ta kira shi. "Zo nan tukuna, ɗan nan." Ya dawo ya durƙusa. Ta kau da kai gefe tana gyara ɗankwali. "Na so in raba ka da matarka a kan abin da kai ne mai gaskiya. Ka yafe min."

"Wallahi Umma ban riƙe ki ba."

"Ke kuma," ta juya ga Auta, hawaye na zubo mata, "har ciki ya fito haka ba ki faɗa min ba?"

"Na je, Umma. Tagar na riƙa faɗa wa."

Umma ta jawo ta ta rungume, suka yi ta kuka, har Yaya da ke tsaye ta juya baya tana goge ido da gefen gyale.

Ana cikin haka ƙofar gidan kusa ta buɗe. Baba Masaƙi ya fito yana dogara sanda yana hamma, ya dubi katafila, ya dubi taron, ya dubi mata na kuka. Ya ɗaga murya da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Lafiya na ga mutane haka? Wa ya rasu?"

Dariya ta ɓarke ta ko'ina, har da direban katafila. Ta Umma ce ta fi ta kowa tashi.

Katangar estet ta tashi, ta yi gwiwa ta zagaye gidajen biyu ta wuce. Masu sababbin gidaje da suka ga abin da ya faru suka fara kawo wa Mai Walda aiki, wasu har sukan tsaya su gaida Baba da hannu. Umma ta raba kwanakinta, wasu a wurin Yaya, mafi yawa a ɗan ɗakin da ke kusa da na Auta, inda ta karɓi jikanta da hannunta. Baba Masaƙi ya rayu har ya ga yaron na rarrafe, kuma da ajalinsa ya zo, a kan gadonsa ya same shi, a ɗakinsa, da mutane a kansa.

'Yan'uwana mata, biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai a ba da hannu a zalunci wani ba. Ana iya cewa a'a a durƙushe, da ladabi, ba zagi ba ɗaga murya, a kuma yi haƙuri da abin da zai biyo baya har Allah ya juyo da zukata. Sabon gida ba laifi ba ne, Allah ya ba kowa. Amma duk wadda ta samu mijin da ba zai sayar da maƙwabcinsa don jin daɗi ba, ta riƙe shi da kyau, don ita ma ba zai sayar da ita ba.